Wai da gaske mai waƙar kantirin nan da ta riƙe Amurka ɗan Najeriya ne?

Ɗan_Fagge

Salam jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu bin harkar waƙoƙin turawa ku zo ku raba mana gardama, tun ranar Asabar muke abu ɗaya a shagon aski har yau ba a gama ba. Akwai wata waƙa da yaron shagon yake yawan sakawa, wadda ake tafi a cikinta ana kaɗa gita, kowa ya santa a TikTok ko da bai san sunanta ba, A Bar Song ta wani Shaboozey. To ina zaune ana min aski sai wani ya ce ai mai waƙar nan Inyamuri ne ɗan Najeriya, kuma wai waƙar kantiri ce, wato salon country na Amurka, kuma wai ita ta fi kowace waƙa a Amurka wata da watanni. Ni dai nace ƙarya ne tun kan ya rufe baki, har mai askin ya kusa yanka min kunne dan juyowar da nayi.

Dalilina shine ni kantirin da na sani ita ce wadda babanmu Allah ya jiƙansa yake ji a mota, Don Williams da Kenny Rogers, farar fata masu gemu da malafar kaboyi, murya a sanyaye kamar mutum na lallashin jariri. Wannan kuwa yaro ne baƙi da kitso kuma yanayin waƙar kamar gambara. Ta ina ta zama kantiri? kuma in ma kantirin ce yaushe turawan can suka fara barin baƙar fata ya hau musu kai a abinsu? Sannan shi wannan lamba ɗaya da ake ta faɗa waye yake bayarwa, zaɓe ake yi ko kuwa kuɗi ake biya? Mun sa lemo kwalba shida a kan maganar nan dan haka a taimaka da gaskiya.

Malam_Kaset

Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge sai dai kayi haƙuri ka je ka sayo lemon nan, an cinye ka, amma ba duka ba, inaga kwalba huɗu zaka biya su biya biyu.

Sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze, iyayensa Ibo ne daga nan Najeriya amma shi a jihar Bajiniya ta Amurka aka haife shi a 1995, can ya tashi, sai dai an taɓa turo shi gida yayi makarantar kwana na ɗan lokaci ya koma. Shi kansa sunan Shaboozey ɗin daga Chibueze ya fito, turawa ne suka kasa faɗa suka murɗe shi haka, shi kuma ya ɗauka ya maida shi sunan sana'a. Kaga kenan ɗan Najeriya ne ta jini, Ba'amurke ne ta haihuwa da tashi, sai ku san yadda zaku raba lemon.

Maganar lamba ɗaya kuma ba zaɓe bane. Wata mujalla ce Billboard take fitar da jadawali duk sati, suna haɗa abu uku, sau nawa aka saurari waƙa ta intanet irinsu Spotify da YouTube da Apple Music, sau nawa gidajen rediyo suka saka ta da yawan masu jin gidajen, da kuma nawa aka saya. Babban jadawalin da ya haɗa kowane salo shine Hot 100, sannan kowane salo da nasa, na kantiri ana ce masa Hot Country Songs. Waƙar ta fito a watan Afrilun 2024, ta fara hawa saman na kantirin, zuwa Yuli ta hau saman Hot 100 ɗin gaba ɗaya, kuma in ka haɗa duka satin da tayi a sama sati 19 ne, ba a jere ba, ana ture ta tana dawowa har zuwa Nuwamba. A lokacin waƙa ɗaya ce tak ta taɓa yin sati 19 wato Old Town Road ta Lil Nas X a 2019. Dan haka mutumin shagon askinku bai yi ƙarya ba, wata huɗu da ɗoriya kenan.

Inda kake da gaskiya shine kunnenka bai yaudare ka ba da kaji ƙamshin gambara. Amshin waƙar an ɗauko shi ne daga wata tsohuwar waƙar gambara ta J-Kwon mai suna Tipsy ta 2004, shi yasa ma cikakken sunan tasa waƙar yake A Bar Song (Tipsy). Ya ɗauki amshin ya ɗora kan gita da goge irin na turawa da tafi, sai ta fito da riga biyu.

Ɗan_Fagge

Kai Malam Kaset ka kashe ni wlh. To amma tsaya, in dai amshin na gambara ne ai ni nake da gaskiya kenan cewa ba kantiri bace zalla, a rage min kwalba ɗaya.

Baban_Khalifa

Yaro kai dai biya kawai. Ni abinda ya ja ni cikin zancen nan sunan Don Williams da ka ambata ne, Allah ya jiƙan mahaifinka, da alama sa'annin juna ne mu ko ya ɗan girme ni. Ku yaran yanzu ba zaku gane yadda mutumin nan ya shiga ƙasar nan ba. Lokacin da nake aiki a Kaduna wajen 1983 muna da wani direba a ofis da fijo 504, kaset uku ne a motar ba ƙari, Shata ɗaya, Don Williams ɗaya, sai wani na wa'azi da yake sakawa in oga ya shigo. Direban nan ko kalma goma ta turanci bai haɗa ba amma in Don Williams ya fara sai kaga ya rage gudu ya jingina yana kaɗa kai, in kaset ɗin ya cinye zare ya ciro shi ya sa biro yana naɗewa a hankali kamar mai ɗinkin ido. Na taɓa tambayarsa me kake ji a ciki, yace shi dai mutumin baya ihu kuma daga jin muryarsa mai kunya ne.

Kuma ba mu kaɗai ba, duk Afirka ne, har Harare ta Zimbabwe ya je yayi wasa a 1997 saboda yawan masoyansa. Kafin shi akwai Jim Reeves wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama tun 1964 amma har shekarun 80 in ka bi ta Sabon Gari ranar Lahadi da safe zaka ji shi yana tashi daga gidaje. Ga Dolly Parton, ga Kenny Rogers. Don Williams ya rasu 2017, Kenny Rogers 2020, sai naga kamar an rufe wani shafi namu ma.

To abinda nakeso ku lura dashi shine, shi wannan yaron ya sha faɗa a hirarraki cewa mahaifinsa mai son kantiri ne, a gida ya fara ji. Ni wannan bai bani mamaki ba ko kaɗan, duk ɗan Najeriyar da ya yi samartaka a shekarunmu ya tafi Amurka to da Kenny Rogers a kunnensa ya tafi. Kenan ba wai yaron ya shiga gonar wasu bane da rana tsaka, abinda ubansa ya ɗauka daga nan ne ya koma dashi can, ɗan kuma ya tashi a kai. Ni na saurari waƙar sau biyu a wayar Khalifa, gaskiya hayaniyarta tayi min yawa, amma gitar ta kantiri ce ba tantama.

Ummu_Ilham

Ni fa kuna ta lissafin sati da lemo babu wanda ya faɗi abinda waƙar take cewa. Baban Khalifa da girmanka Baba ka saurara har sau biyu? Waƙar giya ce fa daga farko har ƙarshe, sunanta ma waƙar mashaya, mutum ne yake cewa a ƙaro masa wiski kowa a wajen ya bugu. Ranar nan na shiga ɗaki na tarar da ƙanwata 'yar aji biyu a sakandare tana bin amshin tana tafi, nace kin san me kike faɗa tace a'a ita dai daɗin kiɗan take ji, da na fassara mata sai da ta rufe baki. Haka ake saka ta a bidiyon biki da na kamu, amarya da lulluɓi ana tafiya a hankali a ƙasa kuma ana kiran sunan kwalbar giya. Ni ban hana kowa jin abinda yakeso ba amma dan Allah a dinga tambaya kafin a ɗora a kan bidiyon aure. Kuma wannan murnar ta ɗanmu ne ɗanmu ne ni ban gane mata ba, da waƙar bata yi suna ba wa zai ce ɗanmu ne.

Baban_Khalifa

Hajiya Ummu Ilham na karɓi gyara, kin yi gaskiya a maganar bidiyon biki, ni ma ban san ana sakawa ba. Amma in dan ambaton abin sha ne ai mu ma Shata yana da A Sha Ruwa kuma kowa ya san ba ruwan randa yake nufi ba, mun ji ta mun girma bamu sha ba Alhamdulillah. Dariya nake, kar ki ɗauka da zafi 'yata.

Ummu_Ilham

Baba ai shi Shata da Hausa yayi kowa yasan me yake ji, wanda zai kashe rediyo ya kashe. Matsalar wannan ba a san me ake maimaitawa ba.

Direban_Tirela_Texas

Assalamu alaikum, na daɗe ina karatu a nan bana magana amma yau dole na sa baki tunda abin ya zo unguwarmu. Ni tirela nake ja a nan Amurka shekara bakwai kenan, yawanci tsakanin Texas da Oklahoma da Tennessee, kuma duk wanda yake wannan aikin ko baya son kantiri sai ya haddace ta dan akwai wuraren da zaka yi awa uku kana murɗa rediyo babu abinda yake kamawa sai tashar kantiri da ta coci. A bazarar 2024 waƙar nan sai da ta ishe ni, gidan mai ita, wajen cin abinci ita, ka tsaya a danja motar gefenka ita.

Maganar Hajiya gaskiya ce waƙar shaye-shaye ce, amma bari na ƙara abinda yasa ta kama mutanen nan dan ba giyar kaɗai bace. Farkon waƙar kuka ne na ɗan ƙwadago, yana cewa budurwarsa na son jaka mai tsada, ga kuɗin mai ga kuɗin cefane, aikin da yake yi safe zuwa yamma baya kai shi ko'ina. Kuma a lokacin kowa a nan kukan tsadar kaya yake, kaje kanti da dala ɗari ka fito da leda biyu. To duk wanda ya ji wannan baitin sai yaji dashi ake. Bambancinmu dasu shine mu in abin ya ishe mu sai mu tafi majalisa ko wajen mai shayi ayi ta hira har dare, su kuma mashaya suke tafiya. Kuma ita kantiri tun asali haka take, waƙar talakan ƙauye ce da leburori da direbobi, aiki, bashi, mace ta gudu, mota ta lalace, kewar gida, Allah, sai kwalba. In ka cire kwalbar kusan abinda Ɗan Maraya Jos yake yi ne da kuntiginsa lokacin da yake wa karen mota waƙa.

Sai tambayar Ɗan Fagge ta cewa yaushe aka fara barin baƙi. Ɗan'uwa wannan magana ce mai tsawo kuma har yanzu da sauran rina a kaba. Akwai Charley Pride baƙar fata daga Mississippi, ya yi lamba ɗaya a jadawalin kantiri sau da yawa tun ƙarshen shekarun 60, har ya ci babbar kyautar CMA, wato ƙungiyar masu harkar kantiri, a 1971, amma lokacin da kamfaninsa ya fara tura faifansa gidajen rediyo ba a haɗa da hotonsa ba dan kar a gane baƙi ne a ƙi sakawa. Ita Old Town Road da Malam Kaset ya ambata ai sai da Billboard suka cire ta daga jadawalin kantiri a 2019 suka ce bata cika kantiri ba, akayi ta rigima, sai mai ita Lil Nas X, shi ma baƙar fata, ya ɗauko mawaƙin kantiri Billy Ray Cyrus suka sake ta tare. A 2024 kuma Beyonce ta fitar da Texas Hold 'Em ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman Hot Country Songs, kuma abin daɗin shine wanda ya sauke ta daga wajen shine Shaboozey ɗin nan, wanda dama yana cikin waƙoƙi biyu a kundin nata Cowboy Carter. Karo na farko kenan da baƙi biyu suka yi lamba ɗaya a jere a wannan jadawalin.

Amma kar ku ɗauka an rungume su. A kyautar CMA ta wannan shekarar, wadda ita ce ta 'yan gida a Nashville cibiyar kantiri, ko sunan Beyonce ba a saka a takara ba, shi kuma Shaboozey an saka shi a gurbi biyu ya tashi hannu rabbana, da waƙar da tafi kowace tashe a shekarar. Daga baya a Grammy ta 2025 ne kundin Beyonce ya ci kyautar kundin kantiri da ta kundin shekara. Akwai wani abokin aikina bature dattijo da muke haɗuwa a wajen auna kaya, mutumin kirki ne har dabino nake kai masa da azumi, amma in ka ce masa waƙar nan kantiri ce sai ya girgiza kai yace wannan kiɗan 'yan birni ne da aka sa wa malafa. Kuma duk da haka na kama shi yana tafin a kan sitiyari.

Mai_Gurmi

Oga direba Allah ya tsare hanya, ka biya ni. Abu ɗaya zan ƙara dan shi ne yake min ciwo in naji ana cewa kiɗan turawa kiɗan turawa. Ku je ku kalli abin kiɗan nan da ake kira banjo wanda yake kamar tambarin kantiri, mai zagayayyen ciki da fata a sama da dogon wuya. Asalinsa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karebiyan da kudancin Amurka, da ƙwarya ko duma da fatar dabba da sanda, kwatankwacin abinda suka baro a gida. Masu bincike sun fi danganta shi da akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya da kuma ngoni na Mali, ni ba zan ce daga Hausa aka ɗauka ba dan kar nayi ƙarin gishiri, amma duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya ko molo in ya ga tsohon banjo na ƙwarya zai gane 'yan gida ɗaya ne. Ni ina ɗan taɓa gurmi, ranar da na fara ganin hoton na ƙwaryar a intanet sai da na ɗauko nawa na ajiye kusa da waya ina dubawa, har inda sandar take ratsa ƙwaryar. Daga baya ne turawa suka karɓe shi suka sa masa ƙarfe da katako aka manta da masu shi. Ko a waƙar Beyonce ɗin nan banjon da kuke ji a farko wata baƙar mace ce Rhiannon Giddens take kaɗawa, kuma ita aikinta kenan tunawa mutane wannan tarihin.

Dan haka ni a wajena ba abin mamaki bane baƙi yayi kantiri, ko ɗan Ibo ne ko ɗan Mississippi. Amma ina tare da Hajiya a abu ɗaya, mu daina saurin cewa namu ne. Yaron nan Bajiniya ce ta raine shi, can ya koyi sana'arsa, mu bamu saya masa ko tsirkiya ɗaya ba. Masu gurmi da goge da kukuma na nan garuruwanmu suna tsufa babu mai koyo a wajensu babu mai ɗaukarsu a faifai mai kyau, in mutum yana neman nasa da zai yi alfahari dashi ga su nan.

Malam_Kaset

Mai Gurmi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi amma wannan sai mun buɗe masa nasa zauren. Ƙaramin gyara ga masu lissafi, jadawalin kantirin ma biyu ne, akwai Hot Country Songs da yake haɗa intanet da ciniki da rediyo, akwai Country Airplay na gidajen rediyon kantiri zalla, kuma shi na biyun ne ake ganin yafi wuyar shiga ga bare dan masu tashoshin ne suke zaɓar abinda zasu saka. Texas Hold 'Em bata kai sama a na rediyon ba, ita kuwa A Bar Song ta kai. Dan haka Ɗan Fagge batun a rage maka kwalba ɗaya babu shi, tunda su kansu masu rediyon kantirin sun saka ta har ta yi ta ɗaya.

Ɗan_Fagge

To shikenan na sallama, nagode kwarai jama'a. Na je shagon ɗazu na karanta musu amsar Malam Kaset da ta oga direba, an yanke huɗu ni biyu su, sai gashi wani sabon musu ya tashi wai ai tunda an haife shi a can ko kwalba ɗaya bai kamata na biya ba, yanzu su ne suke faɗa a junansu ni ina gefe ina shan nawa. Hajiya Ummu Ilham na faɗa wa yaron shagon ma'anar waƙar, yace zai dinga rage murya in an kusa kiran sallah, iyakar abinda na samu kenan.

Baban Khalifa dan Allah Baba wata alfarma, a cikin kayan babanmu akwai kaset ɗin Don Williams guda biyu, ɗaya zaren ya tsinke ɗaya kuma lafiya lau amma bamu da rediyon da zai ci. Nasan duk waƙoƙin suna YouTube amma ni wannan ɗin nakeso naji, akwai inda shi da kansa ya danna rikodin bisa kuskure muryarsa ta shiga yana cewa a rufe masa ƙofar mota. Ko akwai wanda ya san mai juya kaset zuwa waya a Kano ko Kaduna?

Baban_Khalifa

Allah sarki. Kar ka bari kowa ya saka shi a tsohuwar rediyo tukuna, in robar ciki ta saki zata cinye maka zaren. Wanda ya tsinke ma ana liƙa shi, da man farce muke yi a da. Ina da dek ɗina har yanzu yana aiki, Khalifa ya san yadda ake haɗa shi da kwamfuta, in ka shigo Kaduna ka min magana ta inbok ka taho da duka biyun.